Dawo da Tsohon Shirin Kacici-kacici: Me Ake Gyarawa, Me Ake Bari?

Duk lokacin da wani gidan talabijin ya ba da sanarwar cewa zai dawo da tsohon shirin kacici-kacici, masu kallo kan rabu gida biyu. Wasu na son a dawo musu da shi yadda suka san shi, har kujerar ma kada a taɓa, wasu kuma na ganin abin da ya burge mutane shekara ashirin baya ba zai riƙe matashin da ke da waya a hannu ba sai an rushe shi an sake gini. Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku a wuri ɗaya: sunan shiri, adonsa, da dokokin wasansa. Shirin Who Wants to Be a Millionaire, wato wa ke son zama miloniya, ya dace da a duba wannan batu da shi, domin an dakatar da shi an kuma dawo da shi a Birtaniya da Amurka da Najeriya, kuma kowace dawowa da irin hanyar da ta bi.

Kalmomin da ya kamata a bambance

Shirin kacici-kacici shi ne wanda ake yi wa ɗan takara tambayoyin ilimi a gaban kyamara, ya samu maki ko kuɗi gwargwadon amsoshin da ya ba da daidai. Maimaici shi ne a sake nuna tsohon shirin da aka riga aka ɗauka, ba tare da ƙarin komai ba. Farfaɗowa kuwa ita ce a koma ɗaukar sababbin shirye-shirye da sababbin 'yan takara a ƙarƙashin tsohon suna bayan an ɗauki lokaci ba a yi.

Kalmar da 'yan harkar suka fi amfani da ita ita ce fomat, ma'ana tsarin shiri: yawan tambayoyi, yadda kuɗi ke hauhawa, irin agajin da aka yarje wa ɗan takara, wurin da haske ke sauka, har da kiɗan da ake sawa. Wannan tsari dukiya ce da ake saye da sayarwa. Gidan talabijin da ke son nuna shi a wata ƙasa sai ya sayi lasisi, wato takardar izini, a ba shi kundin ƙa'idoji ya bi. Shi ya sa wanda ya kalli shirin miloniya a Legas da wanda ya kalle shi a Mumbai za su ga kujeru biyu suna fuskantar juna a tsakiyar situdiyo, zauren da ake ɗaukar shiri ke nan, su kuma ji kusan kiɗa iri ɗaya. Tun 2008 haƙƙin mallakar wannan tsari yana hannun kamfanin Sony, kuma an yi shirin a ƙasashe fiye da 100.

Yadda ya tashi da yadda ya gaji

An fara nuna shirin a tashar ITV ta Birtaniya a watan Satumba na 1998, Chris Tarrant na gabatarwa. Tsarinsa mai sauƙi ne: tambayoyi 15, kowace da zaɓin amsa huɗu, kuɗi na tashi daga fam 100 zuwa fam miliyan 1. Akwai tudun mun tsira guda biyu, a fam 1,000 da fam 32,000, inda wanda ya kai ba zai koma gida da ƙasa da haka ba ko da ya faɗi daga baya. Agaji uku ne: kwamfuta ta goge amsoshi biyu da ba daidai ba, ko a tambayi mutanen da ke zaune a zauren, ko a buga wa aboki waya na daƙiƙa 30. Ba a ƙayyade wa ɗan takara lokacin tunani ba, kuma yana ganin tambaya kafin ya yanke shawarar amsawa ko ya ɗauki abin da ya tara ya tafi.

A wannan ƙa'ida ta ƙarshe ƙarfin shirin yake. Mutumin da ke riƙe da fam 125,000 yana duban tambayar fam 250,000, ya san idan ya kuskure zai dawo fam 32,000. Haske ya dushe, kiɗa ya koma kamar bugun zuciya, mai gabatarwa ya yi shiru ya bar shi da tunaninsa, sannan ya tambaye shi ko wannan ce amsarsa ta ƙarshe. Mai kallo a gida yana ganin tambayar da zaɓin huɗu a allo, yana da isasshen lokacin da zai yi gardama da na kusa da shi. A 1999 masu kallon shirin a Birtaniya sun kai wajen miliyan 19 a dare ɗaya.

A Amurka tashar ABC ta ɗauke shi a 1999 tare da Regis Philbin, ya samu karɓuwar da ta sa tashar ta riƙa nuna shi dare da yawa a mako. Mutane suka ƙoshi, masu kallo suka ragu, zuwa 2002 aka cire shi daga shirye-shiryen dare, ko da yake bai daina fitowa gaba ɗaya ba. A Birtaniya ma da farin jini ya fara raguwa sai aka shiga gyare-gyare: a 2007 aka rage tambayoyi zuwa 12, a 2010 aka sa agogo a tambayoyin farko. Gyaran bai dawo da masu kallo ba, kuma a farkon 2014 aka rufe shirin.

A Najeriya an fara shi a 2004, Frank Edoho na gabatarwa, kamfanin MTN na ɗaukar nauyi. Aroma Ufodike ya ci babbar kyautar naira miliyan 10 a 2009. Shirin ya tsaya a 2017 bayan mai ɗaukar nauyin ya janye, wanda ke nuna cewa mutuwar shiri ba kullum daga ƙosawar masu kallo take ba. Wani lokaci kuɗi ne kawai ya yanke.

Me ya sa ake komawa ga tsoho

Dalili na farko tsoron asara ne. Sabon shiri sai an koya wa jama'a dokokinsa, an kashe kuɗin talla, kuma yawancin sababbin shirye-shirye ba sa wuce zango ɗaya. Tsohon suna kuwa yana tallata kansa, mai ɗaukar nauyi ma ya fi saurin sa hannu a kan abin da ya sani. Na biyu, kacici-kacici yana da arha idan aka kwatanta da wasan kwaikwayo: zaure ɗaya ne, ana iya ɗaukar shirye-shirye da dama a rana guda. Akwai kuma kewa. Yaran da suka kalli shirin tare da iyayensu yanzu su ne magidanta, kuma shirin da kaka da jika za su zauna su kalla tare ba tare da wani ya ji kunya ba yana ƙara wahalar samuwa.

Abin da zamani ya ɓata, wanda tilas a gyara

Akwai sassan da ba sa komawa yadda suke ko an so, kuma mafi bayyana shi ne kiran aboki. A 1998 abokin da aka buga wa waya ba shi da abin dogaro sai ƙwaƙwalwarsa da wataƙila wani littafi a kusa. Bayan shekara goma yana zaune gaban kwamfuta, daƙiƙa 30 sun ishe shi ya rubuta tambayar a intanet. Masu shirin na Amurka sun soke wannan agaji a 2010 saboda haka. Na Birtaniya da suka dawo da shirin a 2018 sun bi wata hanya: suka bar agajin, amma suna tura ma'aikacinsu ya zauna tare da abokin don tabbatar da cewa ba ya dubawa a ko'ina. Wannan ya fi tsada, amma ya ceci ɗaya daga cikin abubuwan da mutane suka fi so, wato jin muryar uba ko tsohon malami yana kokawa da tambaya lokaci na ƙurewa.

Na biyu darajar kyauta. Da aka dawo da shirin a Najeriya a 2022 an ninka babbar kyautar zuwa naira miliyan 20. A ido ƙari ne, amma naira miliyan 10 ta 2009 ta haura dala 60,000, alhali miliyan 20 ta 2022 ba ta kai dala 50,000 ba ko a farashin hukuma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga shirin da ke rayuwa a kan fargabar asara, domin idan kuɗin da ke kan tebur ba zai sauya rayuwar mutum ba, zai amsa tambaya ba tare da gumi ba, mai kallo ma ba zai damu ba. A Birtaniya kyautar tana nan a fam miliyan 1 tun 1998 duk da hauhawar farashi, sai dai har yanzu kuɗi ne da ke sa murya rawa.

Na uku su ne tambayoyin kansu. Abin da ake ɗauka sanin kowa ne yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, kuma kuskure ɗaya a amsa yanzu ba ya ɓoyuwa: kafin a gama shiri wani ya gano, ya yaɗa a Facebook. Aikin masu rubuta tambayoyi da masu tantance su ba ya fitowa a allo, amma shi ne wurin da bai kamata a yi tsimin kuɗi ba.

Inda gyara ke zama ɓarna

Tarihin shirin Jeopardy! na Amurka ya fi kowanne fayyace wannan. An fara shi a 1964, ya tsaya a 1975. A 1978 aka dawo da shi da sababbin dokoki: ana fitar da ɗan takara ɗaya bayan zagayen farko, aka kuma cire zagayen ƙarshe da kowa ke sa wani kaso na abin da ya tara, aka maye gurbinsa da wani wasa na mutum ɗaya. Bai yi shekara ba aka rufe. A 1984 aka sake dawo da shi tare da Alex Trebek, aka koma ga tsohon tsari, kuma har yau ana nuna shi. Gyaran da aka yi a wannan karo ƙanana ne amma masu hikima. Aka ce wanda ya zo na ɗaya ne kaɗai zai tafi da kuɗin da ya tara, don kada wani ya daina fafatawa da zarar ya samu abin da ya ishe shi. A shekara ta biyu kuma aka hana danna ƙararrawa sai mai gabatarwa ya gama karanta tambaya, domin mai kallo a gida ya samu damar gwada kansa. Duka gyaran biyu ƙarfafa wasan suka yi.

Haka ya faru da University Challenge na Birtaniya, gasar ɗaliban jami'a da aka fara a 1962. A shekarunsa na ƙarshe an jarraba wani sabon salon wasa don jawo masu kallo, bai yi amfani ba, aka rufe a 1987. BBC ta dawo da shi a 1994 da tsarinsa na asali da tambayoyinsa masu wuya, Jeremy Paxman ya gabatar da shi har 2023.

Agogon da aka sa wa shirin miloniya yana cikin irin wannan kuskure. An yi shi ne da tunanin cewa mutanen yau ba su da haƙuri, amma abin da ya cire shi ne shirun nan da jinkirin yanke shawara, wanda shi ake zuwa kallo. Na Amurka ya wuce nan a 2010, aka cakuɗa tambayoyi da kuɗaɗensu ta yadda ba a san nawa tambaya ta ƙunsa ba sai an amsa, tsanin hawa ya ɓace. Da ITV ta dawo da shirin a watan Mayu na 2018 don cikarsa shekara 20, ta watsar da agogo, ta koma tambayoyi 15. Sabon abin da ta kawo biyu ne: agaji na huɗu, wato tambayar mai gabatarwa, wanda ba a nuna masa amsa, da kuma barin ɗan takara ya zaɓi inda zai kafa tudun mun tsira na biyu da kansa. Wannan na biyun ya ƙara wa ɗan takara wata shawara mai nauyi: ya kafa da wuri ya tsira da kaɗan, ko ya jira ya yi kasada. An shirya dawowar ta mako ɗaya ce, sai ga shi ta zarce, har Donald Fear ya ci fam miliyan 1 a 2020.

Ma'aunin da waɗannan misalai suka bayar shi ne a tambayi kowane gyara abu biyu: yana ƙara nauyin shawarar da ɗan takara zai yanke? Kuma mai kallo a gida yana iya ci gaba da amsawa tare da shi? Launin zaure, girman allo da salon rubutu ana iya sauya su yadda aka ga dama, kamar sabon fenti ne a jikin gida. Dokokin wasa su ne ginshiƙai.

Batun mai gabatarwa

A nan ra'ayi ya fi rabuwa, kuma tarihi bai goyi bayan ɓangare ɗaya ba. Najeriya ta dawo da Frank Edoho, domin ga yawancin masu kallo shi da shirin abu ɗaya ne. A Indiya Amitabh Bachchan, wanda masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka daɗe da sani, ya fara gabatar da Kaun Banega Crorepati, wato shirin miloniya na Indiya, a 2000. Shah Rukh Khan ya karɓa a 2007, amma da aka dawo da shirin a 2010 Bachchan aka sake kira. Birtaniya kuwa ta ɗauko Jeremy Clarkson, mutumin da aka sani da shirin motoci da kaifin baki, kuma abin ya karɓu. Wani ɓangare na dalilin shi ne sabon agajin ya dace da shi: mutumin da aka saba gani yana cika baki, ga shi yanzu ana tambayarsa yana cewa bai sani ba.

Abin da ba ya aiki shi ne sabon mutum ya yi ƙoƙarin kwaikwayon tsohon, ko kuma ya mai da kansa tauraron shiri. Aikin mai gabatar da kacici-kacici ya fi kusa da na alƙalin wasa: ya karanta tambaya a sarari, ya san lokacin yin shiru, ya mutunta wanda ya faɗi. Rikicin da ya biyo bayan rasuwar Alex Trebek a 2020, inda wanda aka fara naɗawa ya sauka cikin ƙanƙanin lokaci kafin daga baya kujerar ta zauna a hannun Ken Jennings, ya nuna yadda masu kallo ke ɗaukar wannan kujera a matsayin amana.

Akwai kuma ɗabi'ar cika kujerar 'yan takara da fitattun mutane, kamar yadda aka yi da shirin miloniya na Amurka a 2020 tare da Jimmy Kimmel, inda kuɗin ke tafiya ga ayyukan jinƙai. Masu goyon baya na cewa sanannun fuskoki na jawo masu kallo kuma sun iya magana a gaban kyamara. Gaskiya ne, amma akwai asara a ciki. Attajirin ɗan wasa da ya faɗi tambaya dariya zai yi ya tafi. Malamin firamare ko direban da ke tunanin kuɗin makarantar 'ya'yansa, shi ne mai kallo ke ganin kansa a jikinsa.

Amana, da hanyar shiga gasa

Kacici-kacici ba ya rayuwa idan ana zargin an shirya sakamako. A shekarun 1950 an gano cewa masu wasu shirye-shirye a Amurka, ciki har da Twenty-One, suna ba wasu 'yan takara amsoshi a ɓoye. Majalisar dokoki ta yi bincike a 1959, a 1960 aka mai da irin wannan maguɗi laifi, kuma manyan shirye-shiryen kuɗi suka ɓace daga allo na tsawon shekaru. A Birtaniya a 2001 Manjo Charles Ingram ya amsa tambayoyi 15 duka a shirin miloniya, amma aka hana shi kuɗin bisa zargin cewa wani a zauren yana masa ishara da tari, kuma kotu ta same shi da laifi a 2003. A yau da ake da ƙananan na'urorin kunne da manhajojin da ke amsa tambaya nan take, tsaro na cikin abubuwan da mai farfaɗo da shiri zai fara tsarawa.

Hanyar shiga gasar ma abin dubawa ce. A farkon shirin na Birtaniya masu son shiga layin waya mai tsada suke kira, kuma kuɗin kiran na taimakawa wajen biyan kyauta. Amincewar jama'a da irin waɗannan layuka ta yi rauni bayan badaƙalar 2007 da ta shafi wasu shirye-shirye daban, wadda ta sa Ofcom, hukumar da ke sa ido kan kafafen watsa shirye-shirye, ta ci ITV tarar fiye da fam miliyan 5. Ga masu kallo Musulmi akwai ƙarin damuwa: malamai da dama na ganin gasar da mutane ke biyan kuɗin shiga, a tara a ba mutum ɗaya, ta shiga hurumin caca, saɓanin wadda wani na gefe ya sa kyauta aka shiga kyauta. Duk tashar da ke son masu kallo a Kano ko Zinder ba za ta kau da kai daga wannan ba.

Waya a hannu da abin da ka iya biyo baya

Masu son sauyi na da hujja mai ƙarfi guda: mai kallon yau yana son a dama da shi. Manhajar HQ Trivia da aka ƙaddamar a 2017 ta gwada hakan, inda kowa ke amsa tambayoyi 12 kai tsaye daga wayarsa, daƙiƙa 10 ga kowace, waɗanda suka tsallake su raba kyauta. A 2018 mutane fiye da miliyan 2 sun taɓa shiga wasa ɗaya a lokaci guda, amma a watan Fabrairu na 2020 kamfanin ya rufe saboda rashin kuɗi. Sha'awar tana nan, sai dai gasar da ba a ganin fuskar kowa a cikinta ba ta da wanda za a ji wa tsoro ko a taya murna. Abin da ya fi yiwuwa shi ne waya ta zama ƙari a gefe: mai kallo ya amsa a manhaja yayin da ake nuna shiri, gajerun sassa kuma su riƙa yawo a YouTube da TikTok suna jawo sababbin masu kallo. Haɗarinsa shi ne masu shiri su fara neman abin da zai yaɗu, kamar amsar da za a yi wa dariya, su riƙa zaɓar 'yan takara don abin kallo maimakon ilimi.

Yawan komawa ga tsofaffin sunaye yana kuma toshe wa sababbin dabaru hanya, domin kowane gurbi da aka ba tsohon shiri an hana wani sabo ne. A ƙasashen da ke sayen lasisi da dala, faɗuwar darajar kuɗin gida na ƙara tsadar shigo da tsarin waje, abin da zai iya tura tashoshi su waiwayi gasannin da suka ƙirƙira da kansu. Gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandaren Ghana misali ce: an fara ta a 1993, ta tsaya a 2010 da 2011 saboda rashin mai ɗaukar nauyi, ta dawo a 2012, kuma yanzu tsofaffin ɗalibai na bin ta kamar gasar ƙwallo. Abin da ya riƙe ta shi ne kishin makaranta da tambayoyin da ba a sassauta ba, kuma abin da aka fara nema kafin ta dawo shi ne wanda zai ɗauki nauyinta shekara bayan shekara.